Gunnar Alaramma da Kukan Janareta

Duk matashin da ya shigo situdiyonmu na Sharada ya tarar da ni a bakin aiki, maganarsa ɗaya ce: "Baba Sabo, ashe zane kawai kake yi?" Ya ga ƙananan akwatuna a fuskar kwamfuta, ya ga ina jan waya daga wannan zuwa wancan, shi ke nan ya yanke hukunci. Wani ma cewa ya yi a ba shi sati biyu ya iya. Da can nakan hasala. Yanzu sai in ce ya jawo kujera, in kashe fanka don ya ji ni da kyau.

Abin da nake ƙerawa ana ce masa fulogin. Ƙaramar manhaja ce da ake maƙalawa a cikin babbar manhajar haɗa sauti. Murya ta shiga ta nan, ta fita ta can an yi mata wani aiki: an ƙara mata amsa-kuwwa, ko an rage mata kaifi, ko an tace mata datti. Wasu suna rubuta fulogin da dogon rubutu irin na masana kwamfuta. Ni ban iya wannan ba, kuma a shekaruna ba na sa ran iyawa. Tawa hanyar ta akwatuna ce da wayoyi. Kowane akwati da aikinsa, wannan rariya ne, wancan ma'auni, wani mai jinkirta sauti. Kai ka haɗa su yadda kake so, in ka gama ka danna a dunƙule maka su wuri guda. Jan wayar ba wuya, wannan kam gaskiyar yaran ce. Sanin wadda za ka ja shi ne ya cinye mini shekara arba'in.

Aikin farko da na yi da hannuna ba shi da alaƙa da kwamfuta. Injin saƙa ne ya tsaya a wata masaƙa da ke Bompai, ina ɗan shekara goma sha tara, satina ɗaya da fara koyon gyaran lantarki wurin Malam Haruna, wani dogon mutumin Damagaram da ba ya dariya sai in ka yi kuskure. Na ɗauko mita ina dangwala ta nan da can don a san na yi boko. Ya ce, "Aje wannan abin." Ya sa aka tayar da injin, ya dafa tsinin sukuddireba a jikinsa, ya ɗora mini mariƙin a bayan kunne.

"Mi ka ji?"

Na ce, "Ƙara."

Ya ce, "Ƙara ai jaki ma ya ji. Saurara."

Na daɗe a tsaye kafin na ji wani ɗan ƙiris-ƙiris a ƙarƙashin rugugin, kamar ana tauna tsakuwa. Boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kansa ne ya fashe, ba lantarki ba. Shekara tara na yi a ƙarƙashin Malam Haruna, kuma ƙa'idarsa ba ta taɓa canzawa ba: ka fara saurara, sannan ka duba mita. Da zai koma gida ya bar mini sukuddireban nan. Tana cikin durowata har yau, mariƙinta ya yi santsi.

Da masaƙa ta rufe, aka sallame mu rukuni-rukuni. Na lura da wani abu da ya zauna mini a rai: waɗanda aka bari har ƙarshe su ne waɗanda ba wanda ya san abin da suka sani. Na koma gyaran amfilifaya da lasifikan masallatai daga Kumbotso zuwa Challawa, ina yawo da jaka. A wannan yawon na haɗu da Nura, wanda ya karanta kwamfuta kuma ya kama ɗaki a harabar wani kamfanin bokitai da butocin roba a Sharada yana son buɗe situdiyo. Ya ɗauke ni in ja masa wayoyi na kwana uku. Yau shekararmu goma sha shida tare, shi ne mai wuri, amma har yanzu Baba yake ce mini.

Ɗakin yana da aibu guda. Wutarmu daga janaretan kamfanin take, kuma duk abin da muka naɗa sai kukan janaretan ya biyo waya ya kwanta a ƙarƙashin murya. Mun gyara wayar ƙasa, mun canza wayoyi, ya ragu amma bai tafi ba. Fulogin ɗin da Nura ya samo na waje an yi su ne don wutar da kukanta ke tsaye wuri ɗaya ba ya motsi. Namu janaretan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Da an tayar da injin niƙa roba sai muryarsa ta faɗi, da ma'aikata sun fita sallah sai ta hau. Wata rana Nura ya buɗe mini wata manhaja, ya ce, "Baba, ga wani abu kamar allon lantarkinku na masaƙa." Na duba, na ga akwatuna da wayoyi. Ban tashi daga kujerar ba sai da aka kira la'asar.

Dabarar da na yi ta masu gyaran inji ce. Na ɗauko ɗan taransifoma na jona da wutar janareta, na ja siririyar waya zuwa na'urar naɗa sauti. Duk sanda muke naɗar murya a layi ɗaya, a layi na biyu muna naɗar kukan janaretan shi kaɗai. Ina kiran wannan layin shaida. Fulogin ɗina yana sauraren shaida, ya san daidai inda kukan yake a kowane lokaci, ya bi shi ya zare shi kamar ƙaya daga kifi, bai taɓa muryar ba. Wata bakwai na yi ina gina shi. Da na gama, akwatunan sun haura ɗari uku, wayoyi sun cakuɗe kamar taliya.

Ga laifina, gara in faɗa da bakina. Ko akwati ɗaya ban rubuta wa suna ba. Nura ya yi magana har ya gaji. Nakan ce masa ai na san wurin kowa, kuma gaskiya ne: na san masu bin shaida suna can sama ta hagu, rariyoyi suna tsakiya, kamar yadda mutum ya san rumfunan kasuwar unguwarsu. Amma ba wannan ne dalilin ba. Tsoron masaƙa ne bai sake ni ba. Ina so ya zama in ba Sabo, ba mai iya buɗe wannan abin.

Babban aikin da fulogin ɗin ya yi shi ne na Alaramma Malam Tijjani na Hotoro. Dattijo ne mai murya ƙasa-ƙasa, mai kauri, wadda in ya fara karatu har direbobin da ke lodin bokitai sukan rage surutu. 'Yarsa Malama Rabi, wadda ita ma mahaddaciya ce tana koyar da matan aure, ita ta matsa a naɗi saukarsa gaba ɗaya, izu sittin. Shekara biyu yana zuwa duk Asabar da hantsi, ya zauna a kan buzunsa da ya zo da shi, don ya ce shi ba ya karatu a kan kujera mai juyawa. Naɗa ta gama. Tacewa ce ke tafiyar hawainiya, saboda tsohuwar kwamfutata sai ta yi rabin yini a kan izu ɗaya, ga sauran ayyukan cin abinci.

Sai shekarar da ba na mantawa ta zo. Saura izu goma sha takwas a tace, ciwo ya kama Alaramma a maƙogwaro. Aka yi masa aiki, ya rayu, amma muryar ta tafi gaba ɗaya. Sai rubutu a ɗan littafi. Malama Rabi ta zo da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam Sabo, ba gaggawa nake sa ku ba. Amma Baba ya ce ba za a fitar da ko aya ɗaya ba sai ya ji da kunnensa ya yarda. Jikin kuma kullum ƙara ja baya yake."

Na ce, "In sha Allahu, Malama, wata ɗaya."

Kwana huɗu da wannan alkawari, tsohuwar kwamfutar ta yi wari ta mutu. Sautukan suna nan lafiya, Nura ya adana su wuri biyu. Amma tsohuwar manhajar masu ita sun daɗe da daina kula da ita, sababbin kwamfutoci ba sa karɓarta, kuma fulogin ɗin da ta dunƙula mini shi ma ba sa karɓa. Shekara uku Nura yana cewa mu koma sabuwar da aka sabunta, ni kuma ina cewa ba ni da lokacin kwalliya.

Ranar da muka sayo sabuwar kwamfuta muka buɗe tsohon aikina a cikin sabuwar manhaja, na ɗauka gyara ɗaya za a yi a wuce. Ta karɓe shi kuwa. Sai dai ta yi mini abin da take gani alheri ne: ta kwashe akwatunan nan ɗari uku ta jera su layi-layi, tsaf, ta miƙe wayoyin. Nura ya ce, "Kai, Baba, dubi yadda ya yi kyau!" Ni kuwa ban ga kyau ba. An rushe mini kasuwa an gina sabuwa, ga rumfuna iri ɗaya ba suna. Muka saka karatu a ciki, ya fito da kukan janaretan yadda ya shiga. Wani abu ya tsinke a hanya, kuma ban san a ina ba.

Kwana tara ina nema. Ina zagin manhajar, ina zagin waɗanda suka yi ta, su da ba su san ina yi ba. A rana ta goma Nura ya ce, "Baba, akwai fa akwati shiryayye a cikinta, mai share ƙara da kansa. Jawo shi kawai za ka yi." Na jawo shi, waya ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. A fuskar kwamfuta na ga layin kukan janareta ya ɓace fes. Na saka a kunne na ɗan lokaci, na ji shiru a bayan murya, irin shirun da ban taɓa samu ba. Na tace izu guda, ban zauna na saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Na duba mita, na yarda da ita.

Muka ɗauki lasifika muka tafi Hotoro bayan azahar. Alaramma yana zaune a kan buzu a zaurensa, an naɗe masa wuya da farin ƙyalle, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Malama Rabi tana daga ƙofar cikin gida. Aka kawo mana kunun aya mai sanyi. Na durƙusa na gaishe shi, "Allah ya gafarta Malam, ya ƙarfin jiki?" Ya ɗaga hannu, ya nuna lasifikar.

A nan sai na yi muku bayanin gunna, don na san wasunku tun suna yara rabonsu da allo. Gunna ita ce sautin da mai karatu ke riƙewa ta hanci idan ya zo kan nun ko mim mai shadda. Tana da tsawonta, kuma malamai da yatsa suke auna ta: ka lanƙwasa, ka miƙe. Alaramma ya shekara hamsin yana auna wa ɗalibai ita a kan gwiwarsa, har yatsan ya saba yi da kansa.

Karatu ya fara. Ina kallon hannunsa. Da aka zo gunna ta farko ya lanƙwasa yatsa, kafin ya miƙe sautin ya shaƙe ya ɓace, kamar an toshe wa mai karatun hanci. Yatsan ya tsaya a lanƙwashe. Ta biyu ma haka. A ta uku Malama Rabi ta ce, "Nura, tsayar." Sannan ta juyo wajena.

"Malam Sabo, ina gunnar Baba?"

Nan take na gane. Idan Alaramma ya riƙe gunna, muryarsa tana tsayawa cak a ƙasa, ba ta rawa, dab da inda janareta ke kuka. Shi kuwa akwatin nan an koya masa cewa duk sautin da ya tsaya wuri ɗaya a ƙasa datti ne. Ya share janareta, ya haɗa da malamin. Da mun fitar da wannan, duk yaron da ya yi shekara biyu a Islamiyya zai ce Alaramma Tijjani bai iya tajwidi ba, kuma ba shi da muryar da zai sake karantawa ya wanke kansa.

Alaramma ya jawo ɗan littafinsa ya yi rubutu a hankali, ya miƙa wa 'yarsa. Ta duba, ta sauke littafin kamar ba za ta karanta ba. Ya buga ƙasa da hannu. Ta ce, "Baba yana tambaya, wane ne wannan mai karatun?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kunun ayan ko taɓa shi ban yi ba.

A mota Nura ya ce, "Baba, laifina ne, ni na nuna maka akwatin."

Na ce, "Kai akwati ka nuna mini. Kunnen nawa ne."

Muka ci gaba da tafiya har muka kusa Sharada. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Amma da ka rubuta musu suna, da tuni ni ma na taya ka nema." Na so in yi masa tsawa, amma gaskiya ya faɗa.

Washegari da safe na tarar ya riga ni zuwa. Ya ce, "Tun ranar farko na gaya maka wani abu, kana ta faɗa ba ka ji ba. Ɗora linzamin kwamfuta a kan kowace waya, ka danna ka riƙe." Na ɗora, na riƙe. Sai na ji abin da ke gudu a cikin wannan wayar ita kaɗai, a kunnena. Na matsa wata, na ji wani sautin daban. A tsohuwar manhaja in kana son jin waya ɗaya sai ka warware rabin aikin. Na zauna ina kallon abin. Na buɗe durowa na ɗauko sukuddireban Malam Haruna na ajiye a gaban Nura, na ce, "Mutanen nan ashe wannan suka saka a ciki." Bai gane ba sai da na ba shi labari.

Daga nan aikin ya koma irin wanda na sani. Na bar kallon akwatuna, na rufe ido ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wannan muryar Malam ce, wannan rariya ta farko ce, wannan ta biyu. Duk wanda na gane sai in faɗa, Nura ya rubuta masa suna da Hausa, don sabuwar tana karɓar haruffanmu har da masu lanƙwasa. A yini na biyu, gab da la'asar, na ɗora linzami a kan wata waya da ya kamata in ji janareta yana kuka a cikinta, sai na ji shiru. Ƙofar da shaida ke shiga ce. Tsohuwar manhaja da sabuwa ba iri ɗaya suke buɗe ƙofa ta biyu ba, wajen kwashe kaya aka bar ta a rufe. Duk kwanakin nan fulogin ɗina yana jiran shaidar da ba ta zo ba. Na jawo sabuwar ƙofa na ɗaura waya ɗaya. Ban taɓa jin daɗin kukan janareta ba sai ranar.

Wannan karon ban duba mita ba. Na zauna na saurari izu guda cur, yatsana a kan gwiwa ina lanƙwasawa ina miƙewa, ni da rabona da darasu tun ina saurayi. Sabuwar kwamfutar kuma kafin ka shanye shayi ta gama abin da tsohuwar ke yi a rabin yini. Na ƙara girman akwatunan har na ajiye tabarau. Waɗancan ɗari ukun muka tattara su gida-gida suka koma akwati goma sha ɗaya, kowanne da suna da bayanin aikinsa. Yanzu ko na kwanta ciwo Nura zai buɗe ya gyara, kuma abin mamaki, maimakon tsoron da na shekara ina ji, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Shi ya sa in kuka ce zane nake yi ba na musu. Akwatin nan shiryayye ma ban jefar da shi ba, yana aiki sosai a tallan sabulu da hirar rediyo. Wanda ya ƙera shi bai yi laifi ba, bai taɓa zama a gaban Alaramma Tijjani ba ne kawai.

Muka koma Hotoro ranar Asabar da hantsi, lokacin da ya saba zuwa wurinmu. Ya ƙara ramewa, sai da aka jingina shi da matashi. Aka sake kawo kunun aya. Nura ya kunna izun da ya ba mu kunya, ni kuma idona yana kan hannun nan.

Gunna ta farko ta zo. Yatsan ya lanƙwashe, sautin yana nan. Ya miƙe, sautin ya kai shi har ƙarshe, sannan ya sauka. Ta biyu haka, ta uku haka. Ba wanda ya ce a tsayar. Can na ga leɓunansa sun fara motsi, yana bin kansa ba sauti, yana numfasawa daidai inda mai karatun ke numfasawa. Malama Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka zauna har izun ya ƙare.

Ya jawo littafin. Rubutun bai ɗauke shi lokaci ba. Bai ba 'yarsa ba wannan karon, ni ya miƙo wa. Na karɓa da hannu biyu. Da ajami ya rubuta, kalma biyu: Ni ne.

Na ce, "Ku ne, Allah ya gafarta Malam. Saura goma sha bakwai, kuma jibi za ku fara jin su."

Ya nuna mini kofin da ke gabana. Na ɗauka na shanye, na miƙa aka ƙaro.